Wa Ke da Iccen Bakin Hanya? Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokar Itatuwa a Nijar

Daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwan shuka, da wuya mako ya wuce a karkarar Maraɗi ba a kai maganar icce gaban mai gari ba. Wannan an sare masa gawo cikin dare, wancan an tsare masa amalanken itace a bakin gari, wata dattijuwa kuma an koro ta daga dajin da tun tana budurwa take ɗebo sassaƙe a cikinsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi jefo mini a zaman da muke yi da manoma da makiyaya da mata masu sana'ar itace. Na amsa su gwargwadon abin da doka ta faɗa da abin da idona ya gani. Wanda maganarsa ta riga ta kai gaban alƙali, wannan shafi ba zai tsaya masa lauya ba.

Iccen da ke daji, ko a burtali, ko a bakin hanya, na wane ne?

Babbar dokar da ake aiki da ita ita ce mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, wadda ta maye gurbin ta 1974. Ta kasa dazuzzuka gida uku: na gwamnatin ƙasa, na jihohi da ƙananan hukumomi, sai na masu zaman kansu. Duk dajin da babu wani mutum da ya mallake shi, hukuma ce ke riƙe da shi. Tun a ayoyinta na farko dokar ta ce itatuwa dukiyar ƙasa ne, kuma kiyaye su ya rataya a wuyan kowa.

A takarda ke nan. A bakin mutane kuwa, idan aka ce "ai na gwamnati ne", fassararsa ita ce ba shi da mai shi, wanda ya riga kai gatari shi ya ci. Ka shiga gonar mutum a yankin Agye ka ga kalgo da sabara da 'yan gawo an gyare su tsaf, ka yi taku ashirin ka faɗa makiyayar gari, sai kututture da tumfafiya. Ƙasar ɗaya ce, ruwan da ya sauka a nan shi ya sauka a can. Na gona yana da mai kwana da tunaninsa, na makiyaya ya zama maraya.

Ana cewa gandun daji, ana cewa dajin gari. Duk ba daji ba ne?

Akwai bambanci, kuma shi ke raba wanda za a kama da wanda za a bari ya wuce. Gandun daji na ainihi shi ne wanda hukuma ta keɓe da takarda ta musamman, aka auna iyakarsa, aka kafa turaku. Da yawa daga cikinsu tun zamanin Faransa aka shata su. A irin wannan daji abin da aka bar wa garuruwan da ke maƙwabtaka da shi ɗan kaɗan ne: tsintar busasshen itace, yankar ƙotar kayan noma, ɗibar ƙaro da 'ya'yan itatuwa, da ganyen miya da na magani. Noma a ciki sai da yarjejeniya a rubuce, inda ake ba mutum fili bisa sharaɗin ya raini itatuwan da ke wurin.

Sauran dajin hukuma da ba a keɓe ba, shi ma doka na kare shi, amma an fi sakar wa mutane mara. Ana kiwo, ana tsinta, ana noma inda al'ada ta riga ta bayar. Buɗe sabon daji a mai da shi gona ne ke buƙatar izini tukuna.

Akwai kuma filin da ake farfaɗowa, irin faƙon da aka haƙa wa ramukan rabin wata aka dasa dakwara. Muddin aikin bai ƙare ba a rufe yake, ga gatari da ga akuya.

Ke nan babu laifi in ɗebo itacen girki?

Babu, inna, in dai busasshe ne kuma murhunki zai nufa. Haƙƙin da al'ada ta ba mutanen gari na biyan buƙatar gida ne. Ranar da aka ɗaura dami aka nufi kasuwa, ya zama sana'a, ita kuwa sana'a tana tafiya da takarda da haraji.

Sai dai a kiyayi wani wayo da ya zama ruwan dare: a zagaye gindin ɗanyen icce da gatari a ɓare shi, ko a cusa masa wuta a kogo, ya mutu a tsaye, bayan wata uku a zo a ce ai busasshe aka tarar. Malaman daji sun san wannan dabara tun ba a haifi mai yin ta ba, kuma tabon sara ba ya ɓuya.

Waɗanne itatuwa ne aka ce ko a ina suke ba a taɓa su?

Dokar 1974 ta jera iri 15 da ta ba kariya ta musamman, kuma har yau su ne dattawa ke lissafowa da yatsu: gawo, kaɗanya, giginya, goriba, maɗaci, madobiya, kuka, tsamiya, ɗorawa, aduwa, danya, gawasa, bagaruwa, dakwara da gurjiya. Dokar 2004 ta riƙe tsarin. Iccen da aka kare ba a tumɓuke shi, ba a nakasa shi, in kuma an ba da izinin amfani da shi to akwai kuɗin da ake biya. Idan ya mutu don kansa, mutanen wurin na iya ƙona shi a murhun gida ba tare da biyan komai ba.

Duk wanda ya dubi jerin zai ga ba da ka aka yi shi ba. Kusan kowannensu tukunya ce ko aljihu. Kuka miya, ɗorawa kalwa da daddawa, kaɗanya mai, dakwara ƙaro, bagaruwa jima, goriba kaba da tabarma. Aduwa kuwa, a tambayi waɗanda suka ga yunwar 1984 abin da ganyenta da 'ya'yanta suka yi wa mutane.

Kalmar "nakasa" ce ke yawan kama masu neman magani. Ɗibar ɗan sassaƙe a gefe ɗaya na maɗaci, icce zai warke. Kwaye masa ɓawo zagaye ɗaya daidai yake da yanka shi. Da yawa daga maɗatan bakin titi a garuruwanmu haka suka ƙare, kowa ya zo ya yanki na ciwon cikinsa.

Gawon da ke tsakiyar gonata, ni na raine shi tun yana tsiro. Me ya kawo malamin daji a ciki?

Wannan tambaya ce mai tsohon ciwo, sai an koma baya kaɗan.

Hana saran gawo ya girmi Bature a ƙasar nan. A Damagaram har gobe ana ba da labarin tsananin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, kan wanda ya sari gawo. Dalilin a fili yake ga kowane manomi: gawo na zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana ba, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Geron gindin gawo ko yaro ya san ya fi na fili zangarniya.

Da Faransa ta kafa dokar daji ta 4 ga Yulin 1935 ga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, sai iko kan itatuwa ya koma hannun ma'aikata. Bayan 'yancin kai dokar 1974 ta bi sawu. A aikace abin ya zama cewa manomi na iya shan tara don ya yanke reshe a gonarsa. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Mutane suka koyi kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya kai girman da malamin daji zai rubuta shi. Aka haɗa da koyarwar cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba ko kututture. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya zo ya tarar da ƙasa tsirara, iska na binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau uku kafin ta tsaya.

A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi, dashen kuma yana ta mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa duk shekara tohon tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Ba sai an dasa ba. A zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a gyara rassan ƙasa, a bar su su miƙe. Abin da manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani ke nan. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare mafi yawa suka koma suka sare. Waɗanda suka bari, har dariya aka yi musu ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona, su ne daga baya suka riƙa sayar da itace maƙwabta na kallo. Daga nan abin ya yaɗu gona zuwa gona, musamman da ma'aikatan daji suka sassauta hannu. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A Magarya da Matamaye da Mirriya gawo ya dawo har ya rufe ido.

Doka ta biyo baya a hankali: Kundin Karkara na 1993 mai tsara filaye da albarkatun karkara, dokar 2004, sannan dokar zartarwa ta 30 ga Yulin 2020 kan sassaben zamani, wadda ta amince wa manomi da cin moriyar iccen da ya raina a gonarsa. Saboda haka gyaran rassa da amfani da abin da ka raina haƙƙinka ne. Amma kayar da babban gawo ko tsamiya daga tushe, shawarata ita ce ka je ofishin gandun daji ka faɗa tukuna, a zo a gani. Kafin takarda ta iso ƙauye daga Yamai takan daɗe a hanya, kuma ba kowane ma'aikaci ne ke karanta ta iri ɗaya ba.

Gonar aro nake nomawa. Itatuwan ciki fa?

A al'adar yawancin garuruwanmu icce na mai ƙasa ne. Shi ya sa mai gona zai ba ka aro ya ce ka noma abin da ka ga dama amma kar ka dasa ko zogale, don dashe a idon mutane kamar kafa tuta ne. Kuka da ɗorawa da tsamiya kan zauna hannun mai gona ko da jingina ya bayar. Tun ran gini ran zane: ku je wurin hukumar filaye ta gari, wadda ake kira Kofo, a rubuta wa ke da 'ya'ya, wa ke da rassan gyara, wa zai ɗauki iccen in ya faɗi. Rabin awa ce ta zama, ta fi shekara biyu ana zarya gidan sarki.

Makiyayi ya hau gawona ya sassare rassa ya ba dabbobinsa. Doka ta ba shi?

Ba ta ba shi ya yi wa icce aski ƙwal ba, ko a gonarka ko a daji. Kaɗo 'ya'ya da yankar ƙananan rassa abu ne da aka saba da shi tun kaka da kakanni, icce kuma yana jurewa. Sare kan icce gaba ɗaya, ko a sari babban reshe rabi a karya shi ya rataya, wannan ɓarna ce, kuma a kan iccen da aka kare laifi ne.

Amma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta tabbatar da cewa burtali da makiyaya da mashaya na jama'a ne, ba a nome su, ba a sayar da su. Mu manoma nawa muka ci burtali da garma, taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, har shanu suka koma tafiya a layi ɗaya? Wanda aka cinye wa ciyawar ƙasa, sama zai duba. A wuraren da na ga rigimar ta lafa, zama aka yi da ardo aka yanka lokacin kaɗo da irin reshen da za a taɓa, makiyayi ya kwana da garkensa a gona ya bar taki.

Kwamitin tsaron itatuwa na garinmu yana da ikon cin tara?

Ikon kama laifin daji da rubuta shi na ma'aikatan da aka rantsar ne. Kwamiti yana sintiri, yana gargaɗi, yana sasanci, yana kai rahoto. Ƙarfinsa na zuwa ne idan dokokin garin sun zama yarjejeniya a rubuce, wadda mai gari da ofishin magajin gari da ma'aikatar gandun daji suka sa wa hannu. A nan ne ake faɗin watan da za a buɗe daji, wurin da za a rufe shekara nawa, abin da mai ɓarna zai biya, da asusun da kuɗin zai shiga.

Misalin da aka fi ambata shi ne Ɗan Saga a gundumar Agye, inda kwamitin ya haɗa maza da mata da makiyaya, kowane ɓangaren gari da masu lura da shi. Sanya mata ba ado ba ne. Su ke shiga daji kullum, su ke fara ganin sabon sara.

Na taɓa zama da wani kwamiti da ya yi shekara uku yana aiki kamar agogo. Ranar da aka kama ɗan wani babba da amalanke cike da ɗanyen marke, aka ce a bar maganar saboda zumunci. Kafin damina ta zagayo babu mai fita sintiri, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina so in yi sana'ar itace ba tare da ɓuya ba. Ta ina zan fara?

Ta kasuwar itace ta karkara. Dokar 21 ga Agustan 1992 ce ta kafa tsarin, a lokacin da manyan motocin birni ke shiga daji su kwashe su wuce, mutanen wurin ko sisi. Aka ce to gari ya kafa ƙungiya, a shata masa dajinsa, a yanka masa adadin da zai sara a shekara, masu sara su zama 'yan gari masu kati, ɗan kasuwa ya tsaya a bakin kasuwa ya saya. Ma'aunin shi ne sitar, wato tulin itace mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. A nan ake karɓar haraji a ba mai mota takardar ɗauka, wadda zai nuna a shingen shiga birni.

Hikimar tana cikin harajin. Itacen da ya fito daga dajin da aka tsara, aka kasa shi yanki-yanki ana sara bi da bi, harajinsa ya fi sauƙi. Wanda aka saro a dajin da babu tsari shi ya fi tsada. Kuɗin kuma ana raba shi tsakanin ƙungiyar gari da ƙaramar hukuma da baitulmali, wani kaso ya koma gyaran dajin. Dajin Baban Rafi a gundumar Madarunfa, wanda ya daɗe yana ciyar da murhun Maraɗi, yana cikin wuraren da aka yi wannan aiki.

Ko ya yi nasara? Inda aka riƙe amana, garuruwa sun gyara rijiya sun cika rumbun tsimi da kuɗin itace. Inda aka sake, adadin shekara ya zama magana kawai, takardar ɗauka guda ta yi sawu uku, kuma yankin da aka ce a huta shi ake fara sarewa don ya fi kauri.

Masu gawayi da masassaƙa fa?

Duk da izini suke aiki, kuma izinin yakan faɗi irin icce da adadi da wuri. Masassaƙin turmi yana son kirya, maƙeri ma gawayinta yake nema, shi ya sa ta yi wuyar gani a wurare da dama. Azara daga giginya take, giginya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. A dajin giginya na Dallol Mawuri, can wajen Gaya, an ɗora kula da ita a hannun ƙungiyoyin garuruwa. A Gulbin Kaba, cikin jihar Maraɗi, matsalar ta ƙasa ce: idan ana yankar kaba ba hutu, goriba ba ta samun tashi ta zama icce, sai ta dawwama a tsugune.

A cikin birni nake. Bedin ƙofar gidana, ni na dasa, yanzu saiwarsa na fasa katanga. In sare?

Kar ka kira mai gatari tukuna. In a cikin gidanka yake, da sauƙi. In a waje yake, kan titi, to filin na ƙaramar hukuma ne ko da kai ka yi ta ba shi ruwan alwala shekara ashirin. Ka je ofishin magajin gari, sashen muhalli, ka rubuta buƙata. Za su turo a duba. Sau da yawa yanke saiwar da ke gefen gini da rage rassa ya isa. Reshen da ya shiga wayar lantarki kuwa a bar wa ma'aikatan wuta, an yi asarar rayuka a kan wannan ganganci.

Ka kuma tuna da masu zama a ƙarƙashinsa: mai shayi, mai faci, tsofaffin unguwa da la'asar. Kai dalbejiya ko dogon yaro kake gani, su rumfar kasuwa ce da majalisa.

Mu ana hana mu reshe, amma in za a yi titi sai a kwantar da ɗari a yini ɗaya. Wannan fa?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni da amsar da za ta sanyaya rai. Dokar 2004 ta ce abin da aikin jama'a ya lalata na daji dole a rama shi. Inda ake samun giɓi shi ne bayan an dasa na ramuwa, wa zai shayar da su rani biyu na farko. Jama'ar unguwa na da damar tambaya tun kafin a fara aiki: nawa za a sare, nawa za a dasa, a ina, wa ke da ban ruwa, ina itacen da aka sare zai tafi.

Koren zoben Yamai, wato dajin da aka dasa a kewayen birnin, darasi ne. A 1965 aka fara dasa shi, galibi bedi, don ya kare birnin daga iska da ƙura, aka yi niyyar ya kai hekta 2,500. Gari ya girma ya cim masa, aka yi ta yanka fuloti da gine-gine a ciki. Ba mata masu tsintar itace suka ci wannan daji ba.

An kama ni da itace. Me zai faru?

Ma'aikaci zai rubuta takardar laifi, yana kuma da ikon tsare itacen da kayan aikin. Daga nan hanya biyu ce: sulhu da ma'aikatar, ka biya abin da aka yanka magana ta mutu, ko a miƙa ta kotu, inda doka ta tanadi tara har da ɗauri gwargwadon laifi. Sulhu halal ne a doka, amma da rasiɗi mai hatimi. Kuɗin da aka karɓa a gindin icce ba takarda, bai shiga asusun kowa ba sai aljihu, kuma gobe ana iya sake kama ka a kan itacen nan dai. Ka tambayi sunan laifin, ka nemi rasiɗi, ka tafi da mai unguwa ko wani dattijo. Gardama da mai kaki a tsakiyar daji ba ta taɓa rage wa kowa tara ba.

Ƙona sassabe laifi ne?

Tara ƙaya da kara a gonarka ka ƙona kana tsaye a kai, da sanyin safiya ko maraice, ba shi ake nufi ba. Barin wuta ta tsallaka daji shi ne laifin, ko ta mafarauci ce, ko ta mai shan zuma, ko guntun taba. A arewa, yankin makiyaya, wuta ɗaya kan cinye ciyawar da garke dubu za su ci rani da ita, shi ya sa ake share hanyoyin tare wuta bayan damina. Kuma kar a tara sassabe a gindin toho. Wanda ya yi haka ya ƙone aikin hannunsa.

Itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta, bayan biki na wa suke zama?

Tun 1975 ranar 'yancin kai ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Wanda aka dasa a makaranta ko asibiti ko filin hukuma, na wurin ne, kuma shugaban wurin ke da alhakinsa. A nan ma tsohuwar cutar ce. Ana dasawa da kiɗa da hoto, Oktoba na yi ruwa ya ɗauke, akuya ta ƙarasa. Makarantun da na ga dashensu ya rayu, kowane icce an ba shi ɗalibi da sunansa, da ɗan kejin ƙaya, yaro na zuwa da gorar ruwa daga gida.

Kwarin Majiya a yankin Buza, jihar Tawa, ya nuna ɗaya fuskar. Daga 1975 aka dasa layukan bedi masu tare iska a tsakiyar gonakin mutane, da taimakon ƙungiyar CARE. Suka kama, suka girma. Da lokacin rage rassa ya zo sai tambaya ta taso: itacen na mai gonar da layin ya bi ta ciki ne, ko na garin da ya yi aikin gayya, ko na hukuma? Sai da aka zauna aka tsara rabo. Da an yi wannan zama tun ranar dashe, da an huta.

Ni a Najeriya nake, kusa da iyaka. Wannan doka ta shafe ni?

Idan ka tsallako ka sara, ko ka sayi itace ko gawayi a wannan gefe, ta shafe ka sarai. A gida kuwa kowace jiha da dokar dajinta da ma'aikatarta, ta Katsina daban, ta Jigawa daban, ƙasa kuma tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978. Sai ka tambayi malamin daji na ƙaramar hukumarku.

Na ga ana sara a dajin gari. Wa zan gaya wa?

Fara da ɗan kwamiti ko mai gari, su za su kira ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma. Kar ka tunkari masu saran kai kaɗai, balle da dare, balle a dazuzzukan bakin iyaka da yanzu ba masu itace kaɗai ke kwana a ciki ba. Abin da ake buƙata daga gare ka shi ne rana, da wurin, da irin iccen, da yawan kututturen, da inda sawun amalanke ko na mota ya nufa. In kana da waya ka ɗauki hoton kututturen tun sararsa na ɗanye. Sannan ka roƙi kwamiti kar a bari a ƙone shi ko a tone shi. In marke ne ko kalgo ko sabara, damina ɗaya ta isa ya yi toho, sai a zaɓi uku a ɗaure su da tsumma don masu wucewa su san da mai lura.